Abin da ke da mai saye ba ya kwana a bola

A gidan hayar da na tashi a unguwar Nima da ke Akra, ɗakuna goma sha huɗu ne ke kallon tsakar gida ɗaya, kuma a iya sanina ba a taɓa jefar da tukunyar alminiyom don ta huje ba. Jingine ta ake yi a bayan ƙofa har ranar da za a jiyo yaron nan mai tura kura yana "kwandem, kwandem" a bakin lungu, a fito da ita a yi ciniki. Ɓawon rogo da na doya da na agade suna da mai su tun kafin a fere: wani Alhaji da ke kiwon tumaki a bayan masallaci yana aiko yaronsa da bokiti kullum bayan la'asar. Dusar koko ma can take tafiya. Robar ruwan kwalba ba ta taɓa ƙasa, domin mai sobolo da lamurji tana jiranta. Ledar fiya wata kuwa, wata tsohuwa da ke ɗakin ƙarshe, wadda kowa ke kira Mma, ita ke bin tsakar gida tana tsince ta, tana dannawa cikin wani ƙaton buhu da ya fi ta tsawo. In ya cika ta kira mai sikeli. Kuɗin goronta ke nan, kuma kada ka kuskura ka taɓa mata buhu.

Shi ya sa nake murmushi duk lokacin da na ji wani jami'i a rediyo yana cewa matsalar shara a Zango rashin wayar da kai ce. Waɗannan mutane suna rarrabe shara tun kafin a haifi mai maganar, sai dai ba su taɓa kiran abin da suna ba. Suna yi ne saboda akwai mai saye, ko mai karɓa, a bakin ƙofa. Abin da ke hawa aboboya, wato babur mai ƙafa uku da akwatin kaya, da asuba ya nufi juji shi ne ragowar da ba wanda ya yi wa farashi: miyar jiya da ta lalace, ƙashin kifi, toka, yashin da tsintsiya ta kwaso, famfas ɗin yara, farin kwanon tekawe, da baƙar ledar nan da mu nan Gana muke kira roba. Duk mai son ya rage abin da Akra ke binnewa, wannan ragowar ce aikinsa, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kalmar ma tamu ce. Daga Akra har Bolga, mai jin Chuwi da mai jin Ga da mai jin Ebe, kowa "bola" yake cewa, kuma mai ɗaukar shara a ka ko a baro "kaya bola" ne. Sunan sana'a yakan bi bakin masu yin ta. Tun zamanin tankas, wato duba-garin Turawa, baƙi daga Arewa ne suka fi yin aikin da ɗan gari yake ƙyama, har yau kuma in ka tsaya a wurin masu gwangwan ko masu aboboya za ka ji Hausa da Dagbani sun fi kowane harshe tashi.

A 2015 wasu masana daga jami'ar KNUST ta Kumasi suka wallafa wani bincike da har yanzu ake jingina da shi. Sun bi gidaje a sassan ƙasar, suka auna shara, suka rarrabe ta. Suka samu cewa mutum ɗaya yana fitar da kusan kilo 0.47 a rana, kuma kashi 61 cikin 100 na sharar abin da ke ruɓewa ne, wato ragowar abinci da ɓawo da ganye. Roba da leda kashi 14 ne. Takarda kashi 5, ƙarfe kashi 3, kwalba kashi 3. Ƙidayar 2021 ta ce yankin Akra da kewaye yana da mutum fiye da miliyan 5.4. Ko da ma'aunin ƙasa ka lissafa, alhali ɗan birni ya fi ɗan ƙauye zubar da shara, ka wuce tan 2,500 a kowace rana daga gidaje kaɗai, ba a sa na kasuwannin Makola da Kaneshie da tashoshin mota ba.

Waɗannan alƙaluma suna faɗin abin da ido ba ya gani. Ido leda yake gani, domin ita ce ke tashi sama, ita ce ke toshe kwata, ita ce ke kwance a bakin teku a Jamestown. Amma nauyin da mota ke ɗauka, wanda ake ƙona man fetur a kansa, yawancinsa abinci ne da ruwan da ke jikinsa. Wato muna biyan kuɗi a ɗauki ruwa daga Nima a kai shi bayan gari. Can kuma ba zama yake yi lafiya ba. In aka danne ruɓaɓɓen abu inda iska ba ta shiga, yana fitar da iskar metan, wadda ke kama wuta, kuma yana tsatso da wani baƙin ruwa mai wari da ke bi ta ƙasa ya shiga rafi da rijiya. Sannan ga ɓarnar da yake yi tun a gida: kwali busasshe kuɗi ne, kwalin da miyar kuka ta zuba a kai ya zama bola. Leda mai tsabta ana saye, wadda ta kwana da ƙashin kifi sai an wanke, wankin kuma ya cinye ribar. Jiƙaƙƙiyar shara ita ce ke kashe darajar busasshiya.

Tarihin jujin Akra tarihin gudu ne. An cika tsofaffin ramukan fasa dutse na Mallam da Oblogo, gidaje suka kewaye su, mutane suka yi ta kuka da wari da ƙuda har aka rufe. An yi niyyar gina na zamani a Kwabenya, mazauna wurin suka ce ba a ƙofarsu ba, aka yi shekaru ana ja-in-ja har maganar ta mutu. Wanda aka gina yadda ya kamata, da shimfiɗa a ƙasa don tare baƙin ruwan, shi ne na Kpone kusa da Tema, da taimakon Bankin Duniya, aka buɗe shi wajen 2013. An tsara shi ne don Tema da kewayenta. Da Akra ta rasa inda za ta kai nata sai ta juya masa, ya cika tun kafin lokacinsa, ya zama tsauni, a watan Agustan 2019 ya kama wuta, hayaƙi ya daɗe yana turnuƙe unguwannin da ke kusa. Yanzu motoci da yawa hanyar Nsawam suke bi. Kowane sabon juji ya fi na baya nisa, domin filin da ke kusa ya zama gidaje, kuma babu sarkin da zai ba da ƙasarsa a zuba mata ƙazantar wasu cikin daɗin rai. Nisa kuma kuɗi ne: mota ta shiga cunkoso, ta yi layi a bakin juji, da damina ta kafe a laka, sawun da za ta yi uku a rana ya koma ɗaya. An gina tashoshin sauke shara a Teshie da Achimota don ƙananan motoci su juye manya su kwashe, sun rage wahala, amma ba su rage ko kilo ɗaya daga abin da ake binnewa ba.

Wannan tsadar tana dawowa har cikin lungunmu. Babbar motar kamfani ba ta shiga Nima da Maamobi, hanyar ba ta ɗauke ta. Mai aboboya ne ke shiga, yana karɓar 'yan sidi a kan kowane buhu ko bokiti, shi ma in ya je tasha sai ya biya kafin ya juye. In kuɗin juyewa ya hau ya ƙara wa mata, in ya ƙara wata ta ce ba ta da shi. Mace mai 'ya'ya biyar da ke sayar da wake da shinkafa, in aka ce ta zaɓa tsakanin kuɗin bola da kuɗin makarantar allo, kowa ya san wanda za ta zaɓa. Sai a ɗaure shara a leda a jira dare, ko a jira hadari. Duk wanda ya zauna kusa da babbar kwatar Nima ya san abin da ke faruwa da zarar ruwa ya sauko: buhuna suna fitowa daga gidaje kamar an buga ƙararrawa. Ruwan ya kwashe ya kai kogin Odaw, Odaw ta kai tafkin Korle. Ranar 3 ga Yunin 2015 aka ga ƙarshen wannan hanya, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobara a gidan man da ke kusa da shataletalen Circle, mutum fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Shara ba ita kaɗai ta jawo ba, akwai gini a hanyar ruwa da ƙarancin magudanai, amma tana ciki. Shekara ɗaya kafin nan kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar, mafi yawansu a Akra, abin da ya sa gwamnati ta kafa Ranar Tsaftar Ƙasa a Asabar ta farkon kowane wata daga Nuwamban 2014.

Na yi wannan aikin gayya ba sau ɗaya ba. Samari su shiga kwata da shebur, a fito da baƙar laka a tara a gefen titi, a ɗauki hoto, motar da za ta kwashe ba ta zo ba, ruwan sati mai zuwa ya mayar da ita inda ta fito. Ban raina aikin ba. Amma sharewa daban, rage shara daban.

Akwai shekarar da muka gwada rarrabewa a gidanmu bisa tsari. Wasu matasa masu riguna iri ɗaya suka zo da takardu, suka tara mata a tsakar gida, suka yi bayanin kwanduna huɗu masu launi huɗu. Magajiyar gidan ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "'Ya'yana, ku duba tsakar gidan nan. Nan muke girki, nan muke wanki, nan muke shanya, nan yara ke kwana da zafi. Ina kwando huɗu zai zauna? Kuma in na saya, wa zai hana a sace?" Ba su da amsa. Tsarin da suka kawo na gidan mutum ɗaya ne mai katanga da get, irin na East Legon, inda kwando yake da mai shi. A gidan haya kwandon kowa ba na kowa ba ne: ɗaki ɗaya ya jefa famfas cikin na leda, sauran goma sha uku sun yi aikin banza, kuma ga faɗa. A ƙarshe aka daidaita a kan biyu, bokiti mai murfi na jiƙaƙƙe, buhu a rataye na busasshe. Mata suka riƙe abin da gaske wajen sati uku. Ran nan da safe ina tsaye mai ɗaukar sharar ya zo, ya ɗaga bokiti ya juye, ya ɗaga buhu ya zazzage a kansa, ya hau ya taka da ƙafa don ya samu wuri. Magajiya na kallo. Ba ta ce masa komai ba, ta juya ta ce wa jikarta ta sauke buhun nan ta ba Mma. Maganar ta ƙare daga ranar.

Ban ga laifin mutumin ba. Akwatin aboboyarsa ɗaya ne, inda zai juye ɗaya ne, kuma ba wanda zai rage masa ko pesewa don ya kawo shara a rarrabe. Nan ne yawancin shirye-shiryen wayar da kai suke karyewa: ana fara su daga tsakar gida, alhali daga can ƙarshen hanya ya kamata a faro a dawo. Sai an samu inda jiƙaƙƙen zai je, da wanda zai kai shi shi kaɗai, sannan a buɗe baki a ce wa mace ta ware.

Wuraren zuwan ba a rasa su gaba ɗaya ba. Kamfanin Zoomlion, wanda aka kafa a 2006, da rukunin Jospong da yake ciki, sun gina masana'antar taki da sake sarrafa shara a Adjen Kotoku a 2012, suka ƙara wata a cikin gari kusa da Korle a 2019, akwai kuma irinta a wajen Kumasi. A waɗannan wurare shara tana zuwa a gauraye, ta bi ta kan bel, injina da hannun mutane su tsince abin da za su iya. Yana rage abin da ake binnewa, babu musu. Amma takin da aka tace daga gaurayayyiyar shara yakan fito da ɓurɓushin kwalba da leda, robar da aka tsamo daga cikin miya kuma ba ta kai darajar wadda ba ta taɓa shiga ba. A Ashaiman akwai Safisana, masu haɗa ragowar kayan gwari na kasuwa da abin da ake kwasowa daga bayan gidan jama'a su fitar da wutar lantarki da taki. Akwai kuma Jekora Ventures, da ya yi shekaru yana karɓar shara a rarrabe daga wasu abokan cinikinsa a wajen Osu yana yi musu rangwame. Rangwamen nan shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk labarin, domin shi ne ya mayar da rarrabewa ciniki, irin wanda Mma ta gane.

Taki ma sai da mai saye. Masu noman latas da kabeji da albasa mai lawashi a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki a Dzorwulu, da yawansu mutanenmu ne, kashin kaji suka saba da shi, sun san ƙarfinsa, sun san farashinsa. Ba za su canza don an ce musu ana ceton muhalli ba. Za su canza in buhun takin shara ya fi araha, ya zo musu har bakin gona, kuma suka zuba hannu ba kwalba ta yanke su ba. Shi ya sa nake ganin ƙananan wuraren yin taki kusa da kasuwanni, inda shara take fitowa kusan iri ɗaya, sun fi saurin tsayawa da ƙafarsu a kan jiran kowane gida a birnin ya gyara halinsa. Kasuwar Nima ranar Laraba kaɗai, ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon albasa da ake sharewa da yamma ya isa a fara da shi.

Sai roba, wadda kowa ya fi son magana a kanta. Ita ma ba abu ɗaya ba ce, kuma mai sikeli ya fi kowa sanin haka. Ledar fiya wata tana da kasuwa saboda masana'antu a Akra da Tema suna wanke ta, su narka, su fitar da ƙwayoyi kamar shinkafa, a yi baƙar leda da bokiti da baho da su. Fasasshen bokiti da kujerar roba da jarka su ma ana rububinsu, suna da nauyi. Kwalbar ruwa da ta lemo ita ce mai wuyar sha'ani. Sai ka tara hamsin ko fiye kafin ka samu kilo ɗaya, ka cika aboboya har sama amma iska ka ɗauko. In babu injin matsewa a kusa, kuɗin mai ya fi kuɗin kayan. Shekaru da yawa kuma abin da ake yi da ita shi ne a niƙa a fitar waje, don haka farashinta yana hannun kasuwar da ba mu da iko da ita: in ɗanyen mai ya faɗi a duniya sabuwar roba ta yi araha, masu saye su ja baya, yaran da ke tsinta su bar ta a kwata. Baƙar leda da aka riga aka sarrafa sau ɗaya, siririya, mai maiƙo, ba mai so. Farin kwanon tekawe ya fi ta muni, ba nauyi, ba mai saye, ga cin wuri. Akwai masu dabara irin kamfanin Nelplast da ke haɗa leda da yashi ya yi bulon daɓe, abin a yaba, amma bulo ba zai shanye abin da birni mai mutum miliyan biyar ke zubarwa kullum ba.

Abin da ba shi da mai saye, hanya biyu ce: ko a hana shi shigowa, ko a ƙirƙira masa farashi. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi a 2017. A nan, Shugaba Mahama ya sanar a Yunin 2025 cewa za a hana shigo da farin kwanon tekawe da yin sa. Ga kwanon nan na yarda da hani, domin muna da abin da zai maye gurbinsa, kuma tsofaffinmu sun san waken da aka zuba a ganye ya fi daɗi. Amma fiya wata ba za ta hanu ba muddin famfo yana yin kwana da kwanaki bai kawo ruwa ba. Wanda ya ce a hana ta, ya fara kawo ruwan da za a sha.

Ƙirƙirar farashi kuwa mun san ta tun muna yara. Wa ya taɓa ganin kwalbar lemo ta gilashi a bola? In ka saya za ka tafi da ita sai ka bar kuɗin ajiya, ka dawo da kwalba a mayar maka. A Jamus haka suke yi da kwalbar roba, santi 25 a kan kowace ɗaya, kuma kusan duka suna dawowa. Da za a ɗora ko 'yan pesewa ne a kan kowace kwalbar roba a Gana, a riƙa biya a wuraren karɓa a unguwa, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba, yaran makaranta kaɗai sun isa su share Kawokudi zuwa Kanda. Abin takaicin shi ne kuɗin an riga an fara karɓa ta wata ƙofa. Wata doka ta 2013 ta sa harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan roba, ta ce aƙalla rabinsa ya shiga asusun sake sarrafa robar da aka zubar. Masu masana'antun roba sun yi shekaru suna tambayar ina asusun. A 2021 aka ƙara pesewa 10 a kan kowace litar fetur da dizal da sunan tsafta, wanda jama'a suka laƙaba wa harajin bola. Mai aboboya ya riƙa biyan wannan harajin duk sanda ya sha mai don ya ɗauki shara. Ban taɓa jin wanda ya ce wani abu daga ciki ya dawo masa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dai an san abin da ke kansa.

Su kuma mutanen da ke yin aikin, hukuma ta fi ganinsu a matsayin matsala. Ranar 1 ga Yulin 2021 aka rushe wurin masu gwangwan na Agbogbloshie, a lokacin da aka mayar da 'yan albasa Adjen Kotoku. Wurin yana da illa ta gaske, hayaƙin wayar da ake ƙonawa don a ciro jan ƙarfe guba ne, kuma yaran da ke shaƙarsa namu ne. Amma wurin ne kuma ke tattara ƙarfen da masana'antun Tema ke narkawa su yi rodi, da alminiyom ɗin da maƙera ke zubawa su yi manyan tukwanen da ake dafa abincin aure da suna a ciki. Da aka rushe, sana'ar ba ta mutu ba, ta watse cikin unguwanni, ƙona wayar ya koma bayan gidajen mutane inda ba mai gani. A Kpone ma ɗaruruwan masu tsinta ne suka rayu da jujin, har suka kafa ƙungiya, kuma duk maganar rufe juji magana ce ta abincinsu. Birnin Pune na Indiya ya bi wata hanya: ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar masu tsinta, yawancinsu mata, su ne ke bi gida-gida suna karɓar shara da ɗan kuɗi, abin da suka ware kuma nasu ne su sayar. Abin da asambulin Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, wato ƙananan hukumomin unguwanninmu, za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba: rajista da katin shaida ga masu aboboya don 'yan sanda su daina tare su kamar ɓarayi, ɗan fili a kowace unguwa mai rumfa da sikeli da injin matsewa, da ragin kuɗin juyewa ga wanda ya kawo jiƙaƙƙe zalla. In ragin ya kai aljihunsa, shi da kansa zai raba akwatinsa biyu da katako, shi zai tsaya a ƙofar gida ya ce, "Hajiya, in kin ware biyu ne, in kin haɗa biyar." Wannan jimlar ta fi duk wani allon talla da aka taɓa kafawa a Nima Roundabout.

Akwai wani wuri da muke da dama wadda sauran unguwanni ba su da ita, wato taro. Aure, suna, addu'ar bakwai da ta arba'in, buɗa-baki a masallaci da azumi, filin Idi. A irin waɗannan wurare shara tana fitowa da yawa a lokaci ɗaya, kuma kusan iri ɗaya: ledar ruwa, kwalbar lemo, kwanon tekawe. Buhu biyu a bakin rumfa da yaro ɗaya mai tsaro sun isa a kwashe ta da tsabta kafin a taka ta cikin shinkafa. Masallacin da ya tara ledar ruwan wata guda yana iya sayen tabarma da kuɗin, ko ya biya kuɗin wuta. Limamai suna yawan tuna mana cewa tsarki rabin imani ne, kuma gaskiya ne, sai dai na lura huɗubar ta fi kama jiki a masallacin da ladan ya san lambar mai sikeli.

Ko an yi duk wannan, akwai abin da zai rage. Famfas ba ya zama taki, ba ya narkuwa, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Tsummokaran gwanjo da ke fitowa daga kasuwar Kantamanto, inda ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa a sati kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a shara, ba daga tsakar gidan kowa suka fito ba, kuma ba Magajiya ce za ta magance su ba. Akra za ta ci gaba da buƙatar juji, mai shimfiɗa, mai bututun fitar da iska, wanda ake rufewa da ƙasa kullum. Bambancin shi ne ko zai cika a shekara shida ko a ashirin.

Da na koma gidan kwanakin baya na tarar Mma ta tsufa ƙwarai, jikarta ce ke jan buhun yanzu. Alhajin tumaki ya sayar da filin bayan masallaci an gina shaguna, ya mayar da dabbobinsa can wajen Kasoa, yaron bokiti ya daina zuwa. Ɓawon rogo da na doya da na agade, da dusar koko, duk yanzu aboboya suke hawa, kuma mai ita ya ƙara kuɗi saboda buhunan gidan sun yi nauyi.